Dodon Koɗin Tekun Ƙanƙara: Tambayoyi da Amsoshi

Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren ƙauye a ƙasar Haɗeja. Tambayoyin nan wasu daga ɗalibaina suka fito, wasu daga iyayensu, masunta da manoman rani, waɗanda labarin darasin ya isa gidajensu har suka tare ni da shi a majalisa. Na bar kowace tambaya kusan yadda mai ita ya yi ta. Magana ɗaya ce ke bin amsoshin: ƙuryar arewacin duniya da ƙuryar kudu duka ƙanƙara ce, amma dodon koɗin da ke cikinsu ba tarihi ɗaya gare su ba. Na kudu tsofaffin 'yan gida ne da ruwa ya kulle shekaru miliyoyi. Na arewa kuwa yawancinsu baƙi ne da suka shigo daga baya.

Malam, wai har a teku akwai dodon koɗi? Mu dai na fadama da na bakin kogi muka sani.

Akwai, can ma ne tushensu. Mafi tsufan koɗin da aka tono a cikin duwatsu ya kai wajen shekara miliyan 500, kuma na teku ne. Daga baya ne wasu zuri'o'i suka shiga ruwan daɗi, wasu suka hau tudu. Katantanwar da yara ke murzawa tana juyi a kan rairayi 'yar'uwar waɗancan ce ta nesa.

Kuma kusan duk Bahaushe ya taɓa riƙe na teku a hannunsa ko bai sani ba. Wuri, wanda ake ɗinkawa a jikin laya ko a yi wa yarinya ado da shi a kitso, koɗin wani dodon teku ne. Daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya aka riƙa kwaso irin wanda ya zama kuɗi a ƙasar nan, kuma da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, da shi ya tarar ana ciniki a kasuwa. Ku nemi guda ɗaya. Ku ji kaurinsa, ku duba santsin bayansa da 'yan haƙoran da ke jere a tsagin cikinsa, sannan ku gwada fasa shi da yatsu. Ba zai fasu ba. Wuri ɗan ruwan ɗumi ne, kuma za mu sake buƙatar kaurin nan nasa idan mun isa kudu.

Ina ne wannan ƙuryar duniya, kuma sanyinta ya kai na hunturu?

Idan hunturu ya tsananta a nan, da asuba ma'aunin zafi kan sauko kusa da digiri 10, kowa ya nemi bakin wuta. Ruwan da muke magana a kansa ƙasa da sifili yake. Ruwan daɗi yana daskarewa a digiri 0, amma gishiri na jinkirta na teku sai ya kai kimanin digiri 1.9 ƙasa da sifili. A mashigin McMurdo na Antatika, a ƙuryar kudu, ruwan yana dab da wannan mataki kusan duk shekara, ba ya motsawa sai kaɗan.

A tsari, wuraren biyu kishiyoyin juna ne. Aktik na arewa teku ne da ƙasa ta kewaye: Rasha, Alaska, Kanada, Girinlan, Norwe. Antatika ta kudu kuwa ƙasa ce, nahiya guda lulluɓe da ƙanƙara, teku ya kewaye ta ta ko'ina. A duka biyun rana kan ɓace makonni ko watanni a lokacin sanyi, kuma gansakukar ruwa, wadda sauran halittu suka dogara da ita, ba ta yabanya sai a ɗan gajeren lokacin da haske ya dawo. Don haka bayan sanyi akwai doguwar yunwa.

To ta yaya jikinsu ba ya daskarewa?

Ruwan jikin dodon koɗin teku gishirinsa daidai yake da na tekun da yake ciki. Muddin ruwan da ke kewaye da shi bai daskare ba, shi ma ba zai daskare ba. Kifi ne ke da matsala, don jininsa bai kai teku gishiri ba, shi ya sa kifayen Antatika ke da wani sinadari a jini mai hana ƙanƙara girma.

Haɗarin yana bakin gaɓa, inda ruwa ke janyewa ya bar dabba a fili cikin iskar da ta fi ruwan sanyi nesa ba kusa ba. A nan Nacella concinna yake zaune, wani mai kifaffen koɗi marar murɗi, yana manne da dutse yana kankarar gansakuka. Yana da yawa a gaɓar zirin Antatika da tsibirin Jojiya ta Kudu. Yakan lulluɓe jikinsa da yauƙi mai jinkirta daskarewa, kuma idan sanyi ya kawo kai, na bakin gaɓa sukan gangara ruwa mai ɗan zurfi. A arewacin Atlantika akwai Littorina littorea, shi kuma yana jure wa ƙanƙara ta kama wani sashe na ruwan jikinsa, ta narke, ya ci gaba da kiwonsa.

Abin da sanyi ya karɓe musu shi ne sauri. Girma, balaga, narkar da abinci, ƙyanƙyasar ƙwai, komai a hankali. Akwai wani mafarauci a cikinsu, Trophonella longstaffi, da ke huda koɗin wasu ya cinye naman. Masu bincike na Birtaniya da suka sa masa ido a tankin ruwa sun ga yakan kwashe makonni a kan abin farauta guda ɗaya, aikin da danginsa na ruwan ɗumi ke gamawa cikin 'yan kwanaki, sannan ya daɗe bai nemi wani ba.

Allah gafarta Malam, wannan sauyin halitta da kuke faɗa, me ake nufi da shi? Bai taɓa imani ba?

Wani dattijo masunci ne ya yi mini wannan, kuma tambaya ce da ta cancanci a tsaya mata. Baba, kowace kaka manomi yakan ware zangarniyar geron da ta fi cika, ta fi saurin nuna, ya adana ta don iri. Shekara da shekaru ana haka, sai a wayi gari da geron da ya dace da ƙasar Gumel mai ƙarancin ruwa, ya sha bamban da wanda ake shukawa a kudancin Kano. Manomi bai halicci gero ba, zaɓensa ne ya karkata shi. A teku babu manomi, yanayi ne ke tacewa. Wanda jikinsa ya fi dacewa da sanyi da yunwa shi ke rayuwa ya hayayyafa, 'ya'yansa su gaji halinsa. Idan kuma dangi ɗaya ya rabu gida biyu, ruwa ko ƙasa ta shiga tsakani tsawon miliyoyin shekaru, kowane ɓangare sai ya kama gabansa har su daina iya haihuwa da juna. A nan ne masana ke cewa an samu jinsi biyu.

Abin da nake koyarwa shi ne abin da ake gani a duwatsu da ƙwayoyin gado: wane koɗi ne a ƙasa, wane ne a samansa, wane ya ɓace, wane ya bayyana. Ni Musulmi ne, kuma kallon wannan tsari ƙara mini tsoron Allah yake yi. Hukuncin aƙida kuwa na malamai ne, a kai musu.

Kun ce na kudu a kulle suke. Me ya kulle su?

Ruwa. A da can Antatika ba ita kaɗai take ba. Ita da Afirka da Kudancin Amurka da Indiya da Ostareliya dunƙule suke a nahiya ɗaya da masana ke kira Gondwana, wadda ta fara tsagewa kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Har bayan Afirka da Indiya sun yi nisa, Antatika na da dazuzzuka, tekunta kuma da ɗan ɗuminsa. Shaidar tana tsibirin Seymour, kusa da bakin zirin Antatika, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ƙanƙara ba ta rufe ƙasa ba. Duwatsun wurin da ake kira La Meseta, masu shekaru daga miliyan 34 zuwa sama da miliyan 50, cike suke da koɗi iri-iri, haɗe da haƙoran kifin shak da ɓawon ƙaguwa.

Sai ƙofofi biyu suka buɗe. Ostareliya ta ja arewa, teku mai zurfi ya shiga tsakanin tsibirin Tasmaniya da Antatika wajen shekara miliyan 34 da suka wuce. Ta ɗaya gefen Kudancin Amurka ta rabu, aka samu mashigin Drake, ko da yake masana sun saɓa kan ainihin lokacin da ya yi zurfi. Da ruwa ya samu hanyar zagaye nahiyar babu ƙasar da ta tare shi, iskar yamma ta koro shi, ya zama wata gagarumar kwarara mai tafiya daga yamma zuwa gabas, wadda babu mai girmanta a duk tekunan duniya. A cikinta akwai wata iyaka inda ruwan sanyin kudu ke nutsewa ƙarƙashin mai ɗumin arewa, zafin ruwa ya faɗi da 'yan digirori a ɗan taƙi. A wannan zamanin ne kuma iskar kabon ta ragu a sararin sama, ƙanƙara ta rufe nahiyar.

Dangogi da yawa ba su jure ba, suka ƙare. Waɗanda suka tsira sai suka samu fili babu abokin takara, suka rarrabu jinsi-jinsi, musamman dangin Buccinoidea masu farauta da cin mushe. A yau kusan kashi uku cikin huɗu na jinsunan dodon koɗin tekun Antatika ba a samun su ko'ina a duniya sai can. Cikin sanannunsu akwai Neobuccinum eatoni, fari mai cin mushe, wanda aka sa wa sunan Alfred Eaton, masanin da ya je tsibirin Kerguelen a 1874. Ana samunsa tun daga Kerguelen har McMurdo, a ruwan gaɓa da kuma zurfin da ya haura mita 1,000.

Gaskiya ne koɗinsu ba shi da ƙwari?

Da yawansu haka suke, koɗi siriri, fari ko ruwan toka, ba ƙaya ba ado. Koɗi da sinadarin farar ƙasa ake gina shi, kuma a ruwan sanyi ciro wannan sinadari daga teku yana cin ƙarfi sosai. Wannan dalili ɗaya ke nan.

Na biyun ya fi ba ni sha'awa. Kaurin wurin nan da kuka kasa fasawa garkuwa ce. A ruwan ɗumi akwai ƙaguwa mai ƙarfin matsa da kifaye masu haƙoran murƙushe koɗi, duk wanda bai yi kauri ba ya zama abinci. Wani masani Richard Aronson da abokan aikinsa sun bi duwatsun Seymour daki-daki, suka nuna cewa tun da ruwa ya fara sanyi wajen shekara miliyan 41 da suka wuce, masu fasa koɗin nan suka fara ja da baya. Ƙaguwa tana da wani rauni: jininta na riƙe da sinadarin maganiziyam mai yawa, idan ya haɗu da sanyi mai tsanani sai ya sa mata kasala har ta kasa motsi. Shi ya sa babu ƙaguwa irin wadda muka sani a ruwan gaɓar Antatika.

Da mafasan suka tafi, yin kauri ya zama asarar ƙarfi. Mafarautan da suka rage masu jan ciki ne, tauraron teku, da wata doguwar tsutsa mai kai mita guda ko fiye, da dodon koɗi masu huda. Wasu ma, irin su Marseniopsis, nama ya rufe koɗinsu gaba ɗaya, sai dai ka ga dunƙulen tsoka mai laushi. Nacella ne ke da maƙiyi daga sama, wani tsuntsun teku mai baƙin baya da ke ɓamɓaro shi idan ruwa ya janye, har a tarar da koɗinsa tsibi-tsibi kusa da sheƙunan tsuntsayen.

To na arewa fa, daga ina suka zo?

Da yawansu daga Tekun Pasifik. Shekaru miliyoyi ƙasa ta haɗe Siberiya da Alaska, ta raba arewacin Pasifik da Aktik. Kimanin shekara miliyan 5.5 da suka wuce ruwa ya ɓalle ta wurin, aka samu mashigin Bering, wanda faɗinsa a yau kusan kilomita 85 ne, zurfinsa kuma bai wuce mita 50 ba a mafi yawan wurare. Wajen shekara miliyan 3.5 da suka wuce sai halittun Pasifik suka yi ta kwarara ta wannan ƙofa, suka ratsa Aktik, wanda a lokacin bai kai yau sanyi ba, suka sauka arewacin Atlantika.

Mutumin da ya ƙirga su ya cancanci a san shi. Geerat Vermeij haifaffen Holan ne, a Amurka ya yi aikinsa, kuma makaho ne tun yana ɗan shekara uku. Da yatsunsa yake karanta koɗi, ya gane tabon da ƙaguwa ta bari, ya gane inda dabbar ta ɗinke karaya. A 1991 ya wallafa cewa cikin jinsuna 295 na masu koɗi da suka yi wannan ƙaura ko suka fito daga zuri'ar waɗanda suka yi ta, 261 asalinsu Pasifik ne, 34 kacal suka fito daga ɓangaren Atlantika da Aktik. Ba na ƙosawa da ba ɗalibaina labarinsa, domin a ƙauyukanmu yaron da ya rasa ido sau da yawa bara ake tura shi maimakon makaranta, kuma babbar asara muke yi wa kanmu.

Saboda haka Littorina da Nucella da Buccinum da Neptunea, waɗanda mutumin Ingila ko Norwe zai ɗauka 'yan gaɓarsu ne tun fil azal, jikokin baƙin Pasifik ne. A gabashin Ingila akwai wani jan rairayi da ake kira Red Crag, cike da koɗin Neptunea na zamanin da ya biyo bayan ƙaurar, kuma da yawansu murɗin hagu gare su, alhali mafi yawan dodon koɗi dama suke murɗawa.

Har yau Aktik a buɗe yake ta gefe biyu, ruwan Pasifik na shiga ta Bering, na Atlantika na shiga ta tsakanin Girinlan da Norwe. Shi ya sa jinsunan da ba a samu sai a Aktik kaɗai ba su da yawa.

Da ƙanƙara ta mamaye duniya, ina suka ɓuya?

Kimanin shekara 20,000 da suka wuce ƙanƙara ta kai iyakar yaɗuwarta ta baya-bayan nan, ruwan teku ya sauka da wajen mita 120. A arewa ɓarnar ta yi yawa, domin gaɓar Siberiya shimfiɗaɗɗiya ce marar zurfi. Wani sashe ya bushe ya zama tudu, Bering ya sake rufewa, wasu gaɓoɓin kuma ƙanƙara ta zauna a kansu. Da ta narke sai maƙwabta suka sake cika wurin. An maimaita haka sau da yawa cikin shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce.

A kudu ma ƙanƙara ta share ƙasan gaɓa. Sai dai nauyinta ya danne nahiyar, gaɓar ta nutse zuwa zurfin mita 400 zuwa 500, kuma sanyin ruwan sama da na ƙasa kusan ɗaya ne, don haka gangarawa zurfi bai zama baƙon abu ga mazaunanta ba. Wasu sun tsira a gangaren teku, wasu a 'yan lungunan da ƙanƙara ba ta taɓa ƙasa ba, wasu a tsibirai. Kowane rukuni da ya keɓe ya ɗan sauya. Shi ya sa binciken ƙwayoyin gado ke yawan gano cewa abin da aka ɗauka jinsi ɗaya ne, ashe jinsuna ne da dama masu kama da juna.

Dodon koɗi da ba ya sauri, ta yaya ya zagaye nahiya guda?

A ruwan ɗumi 'ya'ya ne ke tafiyar. Uwa takan zuba ƙwai dubbai, su ƙyanƙyashe 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi masu iyo, ruwa ya ɗauke su makonni suna ci suna tafiya, su sauka nesa. Gunnar Thorson, masani ɗan Denmak da ya yi aiki a gabashin Girinlan a shekarun 1930, ya lura cewa a ruwan sanyi yawancinsu ba sa haka. 'Ya'ya kaɗan suke yi, a cikin kwanso mai tauri da suke mannawa a dutse, ɗan ya fito da koɗinsa ya kama rarrafe. A dangin Buccinum uwa kan cika kwanson da ƙwai masu yawa, 'yan kaɗan su girma su cinye sauran. Dalilin a fili yake: tsutsar da ta fito neman abinci a ruwan da gansakuka ba ta wuce 'yan makonni a shekara, da wuya ta kai labari. Daga baya an samu waɗanda suka saɓa wa ƙa'idar Thorson, don Nacella da Marseniopsis duka 'ya'yansu na iyo, amma a kan dodon koɗi ƙa'idar ta fi tsayuwa fiye da a kan sauran halittu.

Masu rarrafen kuwa abin hawa suke samu. Akwai wata ƙatuwar ciyawar teku, Durvillaea antarctica, da ke fitowa a tsibiran da ke kewaye da Antatika. Idan guguwa ta tumɓuke ta ba ta nutsewa, gindinta kuma cike yake da ƙananan halittu, har da dodon koɗi. Kwararar nan mai zagaye sai ta ɗauke ta daga tsibiri zuwa tsibiri. A 2017 an tsinci guntayenta a tsibirin King George na Antatika, gwajin ƙwayoyin gado ya nuna daga Kerguelen da Jojiya ta Kudu suka taso, tafiyar da aka ƙiyasta ta kai kilomita 20,000. Ashe iyakar ruwan nan ana ƙetare ta. Abin da ke hana baƙin zama shi ne sanyin da suke tararwa.

Akwai jinsin da ke zaune a arewa da kudu duka?

An daɗe ana zaton haka, kuma babban misalin da ake bayarwa shi ne Limacina helicina. Dodon koɗi ne da ba ya taka ƙasa. Ƙafarsa ta zama fikafikai biyu, yana iyo a tsakiyar ruwa, girmansa 'yan milimita, koɗinsa garai-garai ana hango cikinsa. Ragar yauƙi yake saki ya kama abinci da ita. A ido, na arewa da na kudu ba su da maraba. A 2010 aka gwada wani sashe na ƙwayoyin gadonsu, aka tarar sun bambanta da fiye da kashi 30 cikin ɗari, tazarar da ta yi wa jinsi ɗaya yawa. Yanzu daban-daban ake lissafa su.

Maƙiyinsa ma haka. Clione dodon koɗi ne da ke yar da koɗinsa tun yana ƙarami, kuma kusan ba ya cin komai sai Limacina: Clione limacina a arewa, Clione antarctica a kudu. Na kudun yana da wani sinadari a jiki da kifi ke ƙi. Sai wani ɗan ƙwaron ruwa dangin jatan lande, mai suna Hyperiella, ya riƙa kama shi yana goyawa a baya, ya riƙe da ƙafafu yana yawo da shi. Kifin da ya cafke su sai ya tofar. James McClintock da John Janssen ne suka bayyana wannan a 1990, bayan aikin da suka yi a McMurdo.

Ɗumamar yanayin da muke ji a rediyo ta shafe su?

Ta shafe su, kuma na kudu ne suka fi ba ni tsoro. Dabbar da zuri'arta ta yi miliyoyin shekaru a ruwan da zafinsa ba ya motsi ba ta da rarar juriya. Lloyd Peck na hukumar binciken Antatika ta Birtaniya ya gwada Nacella: a birkice shi rigingine a ga ko zai iya juyowa. Da ruwa ya kai digiri 2 zuwa 3, rabinsu suka kasa. A digiri 5 babu wanda ya iya. Ba nan take yake mutuwa ba, amma wanda ba ya iya juyowa ya kama dutse, kwanansa ya ƙare. Kuma babu wani kudun da zai gudu, nahiya ce a bayansa.

Ga kuma ƙaguwa. A 2010 an tarar da manyan ƙaguwar zurfi masu yawa a wani kwarin teku da ake kira Palmer Deep, a gaɓar zirin Antatika, inda ruwan ƙasa ya ɗan fi na sama ɗumi. Masana na muhawara kan ko sababbin zuwa ne ko dama can suna gefen wurin. Ko ma wanne ne, idan ruwan gaɓa ya ɗumama har suka hauro, koɗin da za su tarar bai san mafashi ba tun shekaru miliyoyi.

Sai tsami. Teku na shanye kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da mutane ke fitarwa, ruwan sanyi kuma ya fi na ɗumi shanye ta. Tana shiga ruwa sai ta ƙara masa tsami. Tun farkon zamanin masana'antu ma'aunin pH na saman teku, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya sauka daga kusan 8.2 zuwa 8.1, wato tsamin ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin ɗari. Koɗin Limacina da wani nau'in farar ƙasa mai saurin narkewa aka yi shi. A 2012 Nina Bednaršek da abokan aikinta suka wallafa hotunan waɗanda aka kamo da ransu a Tekun Scotia kusa da Antatika, koɗinsu duk ya zaizaye. Limacina kuwa abincin tsuntsaye ne da kifaye, har da salmon da masuntan Alaska ke kamawa.

A arewa, tun 1979 Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya. Vermeij da Peter Roopnarine sun rubuta a 2008 cewa idan ƙanƙara ta ja da baya, masu koɗin Pasifik za su sake ratsawa zuwa Atlantika yadda kakanninsu suka yi.

Ƙasar Hausa ta taɓa samun nata dodon koɗin teku?

Ta taɓa. Tsakanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya riƙa shigowa yana janyewa ta inda Sahara take yau, har ya taɓo ƙasar Sakkwato. Farar ƙasar Kalambaina da ake haƙa ana yin siminti ragowar halittun wancan teku ce, kuma ana samun koɗin da ya zama dutse a cikinta. Ruwan ɗumi ne. A lokacin ita ma Antatika daji ce.

Su ma suna kawo tsargiya? Ana cin su?

Tsargiyar da ke sa yaranmu fitsarin jini ta dodon koɗin ruwan daɗi take bi, wato Bulinus, ɗan ƙaramin nan da ke maƙalewa ƙarƙashin ganyen bado da gindin kacala a magudanan noman rani. Na teku ba sa ɗauke da ita.

Ci kuwa, ana cin na arewa. Masuntan Birtaniya na kama Buccinum undatum da gura mai ɗauke da mushen kifi, kuma mafi yawansa Koriya ta Kudu ake kaiwa. A Japan ana cin Neptunea, amma sai an cire 'yar jakar miyaunsa, don akwai guba a ciki mai sa jiri da ganin biyu-biyu.

Malam, ɗan ƙauye da bai taɓa ganin teku ba zai iya shiga wannan fanni?

Zai iya. Ƙofar farko digiri ne a ilimin halittu ko kiwon kifi, a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Tarayya ta Dutse. Nijeriya na da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975. Afirka ta Kudu, ɗaya daga ƙasashe 12 da suka sa hannu a yarjejeniyar Antatika ta 1959, tana da tashar bincike a nahiyar, da wata a tsibirin Marion, da jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara da ke tashi daga Cape Town.

Kafin nan akwai aikin da za ku fara a gida, don Vermeij ma da tara koɗi ya fara tun yana yaro. Idan ruwa ya janye daga fadama bayan kaka, ku tsinci busassun koɗi a kan tsagaggen laka, kada ku shiga ruwan. Kowane iri a sa shi a kwalin ashana daban, a rubuta sunan wurin da watan da aka same shi, da irin ruwan, kogi ne ko kududdufi ko magudanar noman rani. Ku riƙe koɗin tsininsa sama, bakinsa na kallonku. Idan bakin yana hannun dama, murɗin dama ne, idan yana hagu, na hagu ne. Bulinus na hagu ne. Duk kududdufin da kuka same shi da yawa, ku sanar da ma'aikacin lafiya na garinku.